Ina Akwatin Jirgin Lisa?

Ran 30 ga Janairu, 2000, jirgin Kenya Airways ya tashi daga Abidjan zuwa Legas, ya faɗa cikin tekun Atlantika. Mutum 169 suka rasu, da yawansu 'yan Nijeriya. Duk da zurfin ruwa, aka tsamo akwatunan naɗar bayanai, aka gano cewa ƙararrawar gargaɗi ce ta buga bisa kuskure ta ruɗi matuƙa, ko da yake ba a tantance abin da ya tayar da ita ba.

To, jama'a, mu dubi namu. Ran 22 ga Oktoba, 2005, jirgin Bellview ya baro Legas zuwa Abuja, ya faɗi a ƙauyen Lisa ta Jihar Ogun, mutum 117 suka halaka. Da farko aka ce a Kishi ya faɗi. Da gidan talabijin na AIT ya nuna ainihin wurin, sai aka rufe shi. Ba a sami akwatin jirgin ba, kuma sai 2013 rahoto ya fito, wai ba a gano musabbabi ba.

Abin da teku bai iya ɓoyewa ba, yaya tudu ya haɗiye shi? Masu cewa ƙaddara ce, mun yarda ajali ba ya wuce lokacinsa. Amma imani da ƙaddara bai yafe wa ma'aikaci sakaci ba. Hukumomin Abuja su sani, marayun Lisa suna bin su bashin amsa.