Lambar Yabo ta UNESCO da Hutunmu na Ƙarshen Shekara

Kowace shekara, idan ranar 8 ga Satumba ta zagayo, Hukumar UNESCO takan ba da lambobin yabo ga waɗanda suka yi fice wajen yaƙi da jahilci. Tun 1967 ake bikin wannan rana. Akwai lambar Sarki Sejong, wadda Koriya ta Kudu ta ɗauki nauyinta tun 1989, tana kuma fifita koyarwa da harshen uwa; akwai ta Confucius, wadda ƙasar Sin ta kafa a 2005. Yabon gwani ya zama dole. Amma mu ɗalibai ya kamata mu tambayi kanmu, shin wane ne yake yin aikin da ake yabawa?

Mu dubi Nikaragua. A 1980 gwamnatin ƙasar ta rufe makarantu, dubban ɗalibai suka bar birane suka tare a ƙauyuka har wata 5. Da rana su taya manoma aikin gona, da maraice su koya musu karatu. Kafin wannan yunƙuri rabin manyan ƙasar ba su iya karatu ba. Bayansa hukuma ta ce adadin ya sauko zuwa wajen kashi 13 cikin 100. A shekarar nan UNESCO ta ba ƙasar lambar Krupskaya. Da sunan ƙasa aka karɓi lambar, amma gumin na samari da 'yan mata ne irinmu.

Mu ma ba baƙi ba ne a wannan fage. Iyayenmu sun ga Yaƙi da Jahilci a shekarun 1950, lokacin da Hukumar NORLA ta Zariya take buga musu ƙananan littattafai. Gwamnatin Abubakar Rimi kuma ta kafa hukumar ilimin manya a Kano a 1980. Abin da muka koya shi ne, wanda ya iya haɗa baƙi bai sami abin karantawa ba, ba da daɗewa ba zai koma gidan jiya.

Saboda haka muna kira ga Ƙungiyar Ɗalibai da ta shirya ajin manya a garuruwanmu lokacin dogon hutu. 'Yan'uwanmu ma'aikata su ba da aron ajujuwa da alli, masu alƙalami su rubuta 'yan littattafai da Hausa kan noma, lafiya da haƙƙin talaka. Da kuɗin harajin manomin nan muke karatu. Ranar da zai karanta takardar asibiti da kansa, ya sa hannu maimakon dangwala yatsa, ranar ce muka fara biyan bashin da yake binmu.