Injin tace iska ba ya kama hayaƙin da ke kisa a Jimeta

Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu, ma'aikacin da aka yi wa canjin wurin aiki daga Abuja zuwa Yola yakan wayi gari ya tarar ƙura ta kwanta a kan gado da teburi, ko da ya kwana da tagogi a rufe. Yawancinta daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi take tasowa, iskar hunturu ta kwaso ta, ta sauke a kan Jimeta da Yola. Wani lokaci hazon kan yi kauri har jirage su kasa sauka. Ba abin mamaki ba ne idan mai ɗan hali ya fara tunanin sayen injin tace iska.

Injin yana aiki, wannan ba abin musu ba ne. Matatar HEPA ta gaskiya tana riƙe kashi 99.97 cikin 100 na ƙwayoyin ƙura masu girman maikiron 0.3, irin waɗanda ido ba ya gani amma suke nutsawa can cikin huhu. Ga yaro mai ciwon asma ko dattijo mai fama da tari, ɗakin kwana ɗaya mai tsabtatacciyar iska babban sauƙi ne.

Sai dai injin yana da sharuɗɗa biyu masu wuyar cikawa a Adamawa: ɗaki a rufe, da wutar lantarki. Hazo kan kai har watan Maris, lokacin da zafin Yola ke haura digiri 40, kuma wanda ba shi da na'urar sanyaya ɗaki ba zai toshe tagoginsa ba. Idan kuma aka ɗauke wuta, sai a tayar da janareta, a nan kuwa haɗarin yake. Tsoron ɓarayi kan sa a ajiye shi a baranda ko gindin taga. Hayaƙinsa na ɗauke da iskar kabon monokzayid, wadda ba ta da launi ba ta da wari, kuma matatar HEPA ba ta tare ta. Iyalan da ake samun gawarwakinsu da safe bayan sun kwana da janareta, wannan iska ce ta kashe su.

Akwai kuma madafi. Tun bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, tsadar rayuwa ta mayar da gidaje da dama kan gawayi da itace, har da na masu albashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar cikin gida ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 3.2 a shekarar 2020. Matan da ke tsugune a gaban murhu da yaran da ke goye a bayansu su ne kan gaba wajen shaƙar hayaƙin, alhali injin yana can falo yana tace iskar maigida. Ga maganin sauro na ƙonawa da turaren wuta, waɗanda ba a ma sa su cikin lissafi.

A 2024 Majalisar Zartaswa ta Tarayya ta amince da manufar ƙasa kan girki mai tsabta. Jami'an da ke rubuta takardun ma'aikatu a Abuja su ne ya kamata su bi diddigin abin da ya isa Jambutu da Doubeli daga cikinta, domin mai karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 ba zai sayi injin da farashinsa da na matatarsa ke bin dala ba. Gas mai sauƙin kuɗi da ingantaccen murhu su ne za su kai gare shi.

Wanda ke da kuɗin injin kuwa, ya fara matsar da janareta aƙalla mita 6 daga ƙofa da taga, ya fitar wa madafi hanyar hayaƙi, sannan ya rataye ƙaramar na'urar da ke ƙara idan kabon monokzayid ya taru a ɗaki. Da batir take aiki, ba ruwanta da ɗauke wuta.