KARO-KARON MAI DA LADABIN TALLATA SHI GA MA'AIKATA

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, tun ran 29 ga Mayu 2023 da Shugaba Bola Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin man fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500, a 2024 kuma ta wuce 1,000. Da yawa daga ma'aikatan Batsari da Safana, watau malaman makaranta da na asibiti da na sakatariya, iyalinsu na Katsina ko Dutsin-ma, wasunsu saboda fitinar 'yan bindiga a gefen Dajin Rugu. Hanya na cinye albashi, sai mutum ya fara fashin aiki. Aji ya wuni ba malami, ƙarshen wata kuma a karɓi albashin kwanakin da ba a yi wa aiki ba. Wannan ba ƙaramin haɗari ba ne ga halalin abincin mutum.

Maganin da muke gani shi ne mutum huɗu su haɗu a mota ɗaya, su yi karo-karon mai. Abin yana da asali. A tafiyar Badar, shekara ta 2 bayan Hijira, Musulmi 300 da 'yan kai raƙuma 70 ke gare su, suna karɓa-karɓa. Manzon Allah (S.A.W.) ya yi tarayya da Sayyidina Ali da Abu Lubaba, kuma da suka nemi su bar masa raƙumin, ya ƙi. Imam Muslim ya ruwaito daga Abu Sa'idil Khudri umarnin cewa mai rarar abin hawa ya taimaki maras shi. Imam Bukhari kuma ya ƙulla babi a kan haɗa guzuri da matafiya ke yi. Malamai sun halatta shi ko da wani ya fi wani amfana, domin an gina shi a kan yafe wa juna. Saboda haka wanda ya sauka a Ruma da wanda ya zarce gaba ba su da laifi in sun yarda su biya daidai.

To, amma hukunci daban, jawo hankalin mutane daban. Ɗan kasuwa ya san kaya ba su sayar da kansu. Lokacin da Larabawa suka hana Amurka mai a 1973, hukumominta sun yi ta kwaɗaitar da ma'aikata, har aka buɗe wa motocin da suka ɗauko mutane da yawa layi na musamman a wasu manyan hanyoyi. Mu kuwa muna da babin kwaɗaitarwa tun daga Manzon Allah, wanda ya umarci Mu'azu da Abu Musa, da zai aike su Yaman, su sauƙaƙa su yi bushara, kada su kori mutane.

Ga shawararmu ga shugabannin ma'aikatu. Na farko, a yi wa ma'aikaci lissafi a fili: in huɗu suka raba mai, kowa rubu'i zai biya, sai ɗan abin da za a ƙara wa mai mota don gyara. Na biyu, shugaba ya fara shiga, kamar yadda aka yi a Badar, domin abin da ke hana mutane shi ne kunyar a ce sun talauce. Na uku, a sa kyauta ga motar da ta cika wata ba makara, wannan ji'ala ce halattacciya. Na huɗu, limamai su tuna wa jama'a cewa ɗora ɗan'uwa a kan abin hawa sadaka ce.

Sai dai talla tana da iyaka. Kada a yi alkawarin kyautar da ba za a bayar ba, wannan algus ne. Kada a tilasta wa mai mota don yana ƙarƙashinka. Mata su sami motarsu, ko a tsara yadda ba za a keɓe da mace ɗaya ba. Kada a yi lodi fiye da kima, kada kuma a mai da abin haya a tare wa direbobin tasha abinci.

Mafi muhimmanci a wannan yanki, a tallata tsarin, a ɓoye jadawalin. Kada a manna sunaye da lokacin tashi a allon sanarwa, ko a watsa su a zauren WhatsApp mai ɗaruruwan mutane, domin masu kai wa 'yan bindiga rahoto a cikin gari suke. Lokacin tashi amana ce tsakanin mutum huɗun nan, kuma a tashi da rana a komo da rana.

Hannu da yawa maganin ƙazamar miya. Allah Ya kiyaye hanya, Ya sa albarka a albashi, Ya ba ƙasarmu lafiya. Wassalamu.