Sharhi: Shin ana iya mayar da bizar ziyara ta koma ta aiki bayan an sauka?

A Safo da ƙauyukan da ke kewaye da ita a gundumar Madarumfa, ci-rani tsohuwar al'ada ce. Da an gama aikin kaka matasa ke ɗaukar jaka su nufi Maraɗi, ko su bi ta Ɗan Isa zuwa Katsina da Kano. Abin da ya sauya shi ne nisan tafiyar, da kuma alkawarin da dillalai ke yi wa masu neman Saudiyya ko Dubai: a tafi da bizar Umara ko ta yawon buɗe ido, in an sauka a mayar da ita ta aiki. A kan wannan maganar ake jinginar da gona, ake sayar da shanun noma.

A Saudiyya, inda mutanen yankin suka fi karkata, alkawarin ba ya da tushe. Bizar Umara tana ba da izinin zama har kwana 90, amma ba ta halatta aiki ba. Bizar aiki daga wurin mai ɗaukar aikin take farawa: shi zai nemi izinin hukuma, a yi kwantiragi, a duba lafiyar ma'aikaci, ofishin jakadanci ya buga bizar tun mutum yana gida, sannan a ba shi igama bayan ya isa. Wanda ya wuce wa'adinsa ya zama takari, kuma yana iya fuskantar tarar da ta kai riyal 50,000, ɗaurin da ya kai wata shida, sannan a taso ƙeyarsa. Kafin a kai ga kamu ma, wanda ba ya da igama ba ya da bakin kai ƙara in an cinye masa albashi, domin zuwa gaban hukuma tona wa kai asiri ne.

Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ce ke rikita mutane, saboda a can akwai ƙamshin gaskiya a maganar. Ana iya sauya matsayin biza ba tare da an fita ƙasar ba, amma sai kamfani ya ɗauki mutum ya kuma samo masa izini daga ma'aikatar ƙwadago. Fara aiki kafin nan laifi ne, kuma tun watan Agustan 2024 kamfanin da ya sa mutum aiki babu izini na iya biyan tarar dirhami 100,000 zuwa miliyan 1. In biza ta ƙare ba a samu aikin ba, tarar dirhami 50 ce ke hawa kan mutum kowace rana. Yawan waɗanda suka maƙale haka ne ya sa ƙasar ta yi afuwa daga 1 ga Satumba zuwa 31 ga Disamban 2024, domin su gyara takardu ko su fice.

A ƙasashen Yamma ƙofar ƙara rufewa take yi. Kanada ta ba baƙi masu ziyara damar neman izinin aiki daga cikin ƙasar a watan Agustan 2020, lokacin annobar korona, amma ta soke damar ranar 28 ga Agustan 2024, tana mai cewa miyagu na amfani da ita wajen yaudarar mutane. Duk da haka tsofaffin bidiyoyin da ke tallar wannan hanya suna ci gaba da yawo a TikTok da WhatsApp. A Birtaniya kuwa mai bizar ziyara sai ya fita daga ƙasar kafin ya nemi ta aiki.

Wani ɓangare na ruɗanin daga gida ya samo asali. Yarjejeniyar CEDEAO ta 1979 ta ba 'yan ƙasashen ƙungiyar damar shiga juna har kwana 90 babu biza, don haka ɗan Safo ya saba ya tsallaka iyaka da safe, ya kama dako ko tireda da yamma ba tare da an tambaye shi takarda ba. Ko bayan ficewar Nijar daga ƙungiyar ranar 29 ga Janairun 2025, CEDEAO ta ce a ci gaba da zirga-zirgar har zuwa wani lokaci. Wannan sabon ne ake tafiya da shi ƙasashen da ke ɗaukar hoton yatsun kowane baƙo a filin jirgi.

Alamar gane gaskiyar tayin aiki ba ta da wuya: sunan kamfani, rubutaccen kwantiragi mai ɗauke da albashi, da bizar da aka rubuta ta aiki ce tun fasfo yana hannun mai shi a Nijar. Dillalin da ya ce a biya yanzu a gyara takardu a can, kuɗinsa ya shiga aljihu tun kafin jirgi ya tashi daga Yamai. Mai tafiyar ne zai kwana da tarar, iyayensa kuma a Safo su yi damina babu gona.