Renon Bonsai Ba Zalunci Ba Ne

Akwai masu cewa renon itacen bonsai zalunci ne, wai an tsare itace a cikin kasko an hana shi girma. A ganinmu wannan zargi ba shi da tushe.

Sana'ar ta samo asali ne daga ƙasar Sin, Japanawa suka ɗauka suka inganta ta. Cikin itatuwan da aka fi so akwai elm na Sin, saboda ƙanƙantar ganyensa da jure wa aski. A daji yakan kai tsawon mita 15, amma a kasko da wuya ya wuce kamu biyu, kuma ba da wani magani ba. Mai reno yakan bar sabon reshe ya miƙe, sa'an nan ya datse shi ya bar ganye biyu. Yakan naɗa wa rassa waya ya tanƙwara su tun suna ɗanye, ya kwance ta kafin ta ci ɓawo. Bayan shekara biyu ko uku sai a ciro itacen, a rage saiwoyinsa, a sake masa ƙasa.

Shin itacen da ake azabtarwa yana tsawon rai? A birnin Washington akwai wani bonsai na itacen pine da ake reno tun 1625, wanda ya tsira daga bom ɗin Hiroshima a 1945.

Haƙiƙa azzalumi shi ne mai sayen elm don ado kawai, ya ajiye a teburin ofis, ba rana ba ruwa. Wanda ba zai iya duba kasko kullum ba, ya bar wa masu haƙuri.