Sharhi: Na'urar ɗaukar hoto a cikin mota, shaidar da ba ta mantuwa

Damagaram garin matafiya ne tun fil azal. A zamanin Sarki Tanimun ayarin raƙuma na tashi daga Zinder su ratsa Agadas har Tarabulus, madugu kuwa shi ke bayar da shaidar duk abin da ya auku a hanya. Yau manyan motocin fasinja da na kaya sun gaji ayari, suna bin hanyar Yamai mai tsawon kusan kilomita 900, da ta Tanut zuwa Agadas, da ta Magarya zuwa Kano. Sai dai in haɗari ya auku tsakanin gari da gari, sau da yawa babu mai shaida: jandarma ya tarar da tarkace, kowane direba ya ɗora wa ɗan'uwansa laifi, iyalan mamata kuma su rasa diyya.

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya nuna cewa mutane kimanin miliyan 1.19 ke mutuwa kan hanyoyi kowace shekara, kuma nahiyar Afirka ce ta fi jin jiki gwargwadon yawan jama'arta. Don haka ya dace masu motocin haya su yi tunanin sanya na'urar ɗaukar hoton bidiyo.

Aikin ba shi da wuya. Ana liƙa ta a gilashin gaba bayan madubi, inda ba za ta tare wa direba gani ba, a ja waya zuwa akwatin fiyus domin ta kama aiki da zarar an tayar da mota. Tana ajiye hoto a ƙaramin kati tare da kwanan wata da sa'a, wasu har da gudun mota. In katin ya cika sabon hoto ya shafe tsoho, amma in an yi karo sai ta kulle na wannan lokacin. Direbobin Rasha sun daɗe da rungumarta saboda gardamar haɗari, shi ya sa duniya ta ga faɗuwar dutse daga sama a Chelyabinsk a 2013.

Zafin bazara a Damagaram yakan wuce digiri 40, yana kumbura batirin na'ura mai araha, ƙurar hunturu kuma tana dusashe gilashi. Wajibi ne a zaɓi mai jure zafi, a ba ƙwararren mai gyaran wutar mota ya haɗa ta, a riƙa duba katin.

Akwai kuma haƙƙin fasinja. Tun 2017 Nijar ta kafa dokar kare bayanan mutane. Hoton matafiyi ko na wanda ya ji rauni amana ne, wurinsa gaban alƙali, haramun ne a watsa shi a WhatsApp.

Ya rage ga hukumomin sufuri, da ƙungiyoyin direbobi, da kamfanonin inshora su zauna su tsara wanda zai riƙe hoton da wanda ke da ikon neman sa. Direba mai gaskiya zai sami mai wanke shi, mai gudun ganganci da mai karɓar cin hanci a shinge kuwa za su san ana ganin su. Gani ya kori ji.