Nasiha a Kan Kayan da Ba Sa Gyaruwa

Ya ku 'yan'uwa, ku sani saurin mutuwar kayan gida ba kullum tsautsayi ba ne. A shekarar 1924 manyan masu ƙera ƙwan lantarki, har da Osram da Philips, suka haɗa baki kada ƙwai ya wuce awa 1,000 yana ci. Keken ɗinkin iyayenmu kuwa, ɗigon mai da ɗaure noti sun ishe shi.

Saboda haka ni shawarata, kafin ka sayi fanka ko firji, tambayi mai gyara: yana kwantuwa? Ana samun kayansa a kasuwa? In babu, bar shi, araha ba ta ado. Yar da abin da ke gyaruwa kuwa almubazzaranci ne.